Auta Ya Ɗaga Mota

Saboda Inna, mahaifiyarsa, Auta ya ɗaga motarsa. Tun da ruwa ya cinye hanyar gona, duk sanda ya nufi wurinta sai cikin motar ya daki dutse, ya dawo baƙin mai na ɗiga. Ga damina ta kawo kai, ga tsohuwa ita kaɗai a bayan kwari, ƙafa ta ƙi. Da ƙyar ta yarda ta koma gidansa, kuma ya san yardar Inna ba ta daɗewa.

Da kansa ya yi aikin a ƙofar gida, da jak da sifanar aro. Ya sa dogayen sifirin, ya ɗaura manyan tayoyi, ya ja da baya yana kallo. Mota dai ta tashi, babu musu. Sai dai ƙafafun gaba sun karkace kamar na mai gwame. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce, "Haka ake yayi yanzu?" Ya duƙa yana tattara kayan aiki.

A gareji, Kawu bakanike ya shige ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito yana goge hannu.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wani ne."

"To ka ce wa wanin garin neman gira zai rasa ido." Ya ƙwanƙwasa wani lanƙwasasshen ƙarfe a saman ƙafar. "Wannan hannun shi ke riƙe taya ta tsaya daidai, kuma don tsayin da aka yi shi. Yanzu ka miƙar da shi har ƙarshe. Ga shi yana dukan sifirin, ga gaɓar ta kusa ficewa. Ramin farko za ka ga tayarka ta wuce ka."

"Ba a ɗan daidaitawa?"

"Abin da ke da sauran wuri ake daidaitawa. Wannan sai sabon hannu, na doguwar mota."

Auta ya so gardama, sai ya tuna wa zai ɗauko. Aka aika neman hannuwa. Kullum da safe sai ya duba sama, ya kira Kawu, Kawu ya ce suna hanya. Tsoro ya kama shi sosai, kada ruwa ya riga shi, ko Inna ta sake shawara. Da suka iso aka ɗaura, aka auna, tayoyi suka miƙe tsaf.

Ya haye kwarin ko ƙara bai ji ba. Ya tsaya gaban ɗakin Inna yana jin kansa, ya buɗe mata mota. Ta fito da sandarta da ƙunshin kaya, ta ja ta tsaya. Matakin motar ya kai mata ƙugu.

"Ina tsanin?"

"Bari in ɗaga ki, Inna."

"Ni na goya ka. Ba za ka sungume ni kamar buhu ba ina da raina."

Ya kawo kujera, ta yi gajarta. Ya kifa bokiti a kai, ya yi rawa. Inna ta juya ta zauna a bakin ƙofa, ta fara kwance ƙunshinta. Hadari yana haɗuwa ta gabas.

Auta ya shiga ɗakin ajiya ya fito da diga da shebur. Ya auna faɗin motar da ƙafa, ya kama haƙa dogayen ramuka biyu. Inna tana kallo, abin da kawai ta ce shi ne ya kula da saiwar lemo. Da ya gama, rigarsa sharkaf, ya gangarar da motar ciki a hankali har matakin ya zo daidai da ƙasa. Duk tsayin da ya sha wuya a kansa ya shige rami.

Inna ta sake ɗaure ƙunshin, ta taka ta shiga da ƙafarta, ta gyara zama. Sai da suka haye kwari ta buɗe baki.

"Can gidan naka akwai rami?"

"Siminti ne, Inna."

"To ta ina zan sauka?"

Ya ƙara riƙe sitiyari. "Zan fasa shi."