Ƙwan Cakulan na Usta Wagdi

Duk mutanen layinmu a Mansura sun san matata Tahani 'yar garin Nabaro ce, kuma 'yar gidan fisik, wato kifin gishiri mai wari. Mahaifinta, Alhaji Bayyumi, tun yana saurayi yake jera kifi cikin ganga da gishiri, ya rufe, ya bar shi ya nuna har warinsa ya kai bakin titi. Ita kuwa cikin wannan warin ta tashi, a wurinta ƙamshin gida ne. Ranar bikin Shammun Nasim, idan an fita bakin Nilu shan iska, ita ke zama tsakiyar tabarma ta naɗe hannun riga, ta tsaga kifin, ta zare ƙaya, ta matsa lemun tsami, kowa ya miƙo gurasarsa yana jiran rabo.

Bana sai ga ta da cikin fari, bayan mun daɗe muna roƙon Allah. Cikin ya tsufa, ƙafafu suka kumbura, jini ya ɗan hau. Likita ta ce ta yi nesa da gishiri, fisik kuwa kada ma a yi zancensa.

"Ko loma ɗaya, likita?" in ji Tahani.

"Ko lasa."

Tun daga asibiti har gida harara take watsa mini, sai ka ce ni na rubuta dokar. Da bikin ya matso, ta kwanta kan doguwar kujera ta ɗora ƙafa kan matashi, ta ce, "Ku tafi abinku. Me zan je yi? In zauna ina kallon bakin mutane kamar kyanwa?"

Ni mai aski ne, Usta Wagdi ake ce mini, wato gwanin sana'a. Ba ni almakashi da kan mutum ka ga aiki, amma a kicin ban wuce dafa shayi ba. Murhun gashinmu ma tun da ƙofarsa ta ɓalle ya zama ma'ajiyar tukwane. Duk da haka na ƙudurta a raina Tahani ba za ta zauna bakin kogi hannu rabbana ba.

Ranar Lahadi, jajiberin bikin, ita ce sallar Ista ta maƙwabtanmu Kiristoci na sama. Na rufe shago da wuri na hau yi wa Ummu Bishoy barka da salla. Tsohuwa ce gajera mai faɗa da dariya lokaci guda, tun ina yaro take ja mini kunne. Na tarar da gidan cike da ƙamshin nama, sun sha dogon azumi sun fito. Ta tura mini faranti, a gefensa wasu 'yan dunƙule-dunƙule baƙaƙe. Na jefa ɗaya a baki, na tsaya.

"Ummu Bishoy, wannan fa? A ina kika saya?"

"Saya? Jikokina suka yi. Biskit ne da cakulan, ko wuta ba ya gani."

"Ba a gasawa?"

"Na ce maka yara suka yi, Usta. Ko kai za ka iya."

Na gaya mata damuwata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tuntsire da dariya har tana riƙe ƙugu, sannan ta ce in sauka kanti in sayo biskit na shayi, da bota, da madarar gwangwani mai kauri, da garin cakulan, da cakulan na sanda mai yawa. "Kuma ka wanke hannun nan sosai. Ba na son gashin mutane a kicin ɗina."

A kicin ɗinta muka yi, don kada Tahani ta gani. Ta zuba biskit cikin leda ta miƙa mini kwalba, ta ce in daka. Na shiga bugu da ƙarfina, leda ta fashe, gari ya watsu har kan hoton marigayi mijinta.

"A hankali, ɗan nan! Bashi biskit ɗin ya ci maka?"

Na sassauta. Da ya yi laushi, da ɗan ɓarzo-ɓarzo a ciki yadda ta ce, muka juye a kwano, ta kwarara narkakken bota da madarar, ta barbaɗa garin cakulan. Na cusa hannu na murza har ya haɗe ya daina kama yatsa. Ta ce in mulmula ƙwallo-ƙwallo. Ni kuma sai tunani ya zo mini: gobe kowa zai fito da rinannen ƙwai, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, me zai hana nawa su zama ƙwai? Na mulmula ɗaya, na ɗan tsuke kansa, na ɗaga mata.

Ta gyara tabarau. "To, ba laifi. Ashe hannun ya san wani abu ban da ƙeyar mutane."

Ta ɗora kwano kan tukunyar ruwan zafi, muka kakkarya cakulan a ciki, ya narke yana sheƙi. Ina tsoma kowane ƙwai da cokali mai yatsu, in ɗaga ya tsane, in ajiye kan tire. Kafin ya bushe sai in yi masa ado: wani garin kwakwa, wani dakakkiyar gyaɗa, wani 'yan ƙwayoyin alewa masu launi. A nan na nuna gwaninta. Na ja wa wani layi a gefe kamar tsagar gashin ango, na yi wa wani zanko. Ummu Bishoy tana zagina tana miƙo mini gyaɗa.

Saura sanyi. Ta buɗe firjinta, babu wurin da za ka sa ko ƙwai ɗaya na gaske, nama da tukwanen salla sun cika shi. Ta ce in kai namu, kuma kada in rufe tiren, cakulan bai gama kamawa ba, zai manne. Na lallaɓa na sauka. Tahani tana barci kan kujera, na tura tiren can ƙasan firji, na koma sama wanke kwanuka.

Ina can Alhaji Bayyumi ya iso daga Nabaro, kamar yadda ya saba kowace shekara, da ƙunshinsa a hammata. Daga kan matakala wari ya gaya mini ya zo. Na tarar da shi zaune yana lallashin 'yarsa, ita kuwa ta juya fuska bango.

"Baba, don Allah ka ɗauke shi daga gabana. Ka sa a firji da kanka, ni ba zan iya taɓawa ba."

"Na riga na sa, 'yar Baba. Na bana kuwa, wallahi, kamar man shanu..."

"Baba!"

Na ji maganar firji da kunnena, amma hankalina yana kan kada Alhaji ya ce ya ga tiren ya tona mini asiri, ban kawo komai a raina ba. Da safe gidan gaba ɗaya ya zama Nabaro, labule da tawul da rigata duk fisik suke yi. Na zaro tiren, ƙwayayena sun kama sun yi ƙyalli, na rufe da kyalle mai tsabta. Tahani ta ce ba za ta ba, mahaifinta ya ce to shi ma ba za shi ba, sai ya zauna ya ci kifinsa a gabanta. Ta tashi ta ɗauki mayafi.

Bakin kogi ya cika maƙil. Muka sami gindin wata bishiya muka shimfiɗa, mu da Ummu Bishoy da ɗanta Bishoy da iyalinsa. Iska tana kaɗawa mai daɗi, jiragen ruwa suna wucewa da kiɗa, yara suna karo da ƙwai a ga na wa zai fara fashewa. Alhaji ya kwance ƙunshi ya hau aikin da 'yarsa ta saba yi. Aka baje albasa mai lawashi da latas da gurasa, hannuwa suka yi ta kai da kawowa. Tahani tana can ƙarshen tabarma da dafaffen ƙwai babu gishiri, tana ɓare shi kamar mai zaman makoki.

Na bari aka ci aka wanke hannu, sannan na ɗauko tiren na ajiye a gabanta, na yaye kyallen.

Yara suka yi ihu. Matar Bishoy ta tafa hannu. Tahani ta dubi tiren, ta dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Mijinki," in ji Ummu Bishoy. "Ni shaida ce. Har yanzu ina share gari."

Kafin Tahani ta miƙa hannu Alhaji ya riga ta, wai babba ke fara buɗe tire. Ya ɗauki mai zankon ya jefa a baki. Ya tauna sau ɗaya, ya dakata, gashin girarsa ya tashi. Ƙaramar jikar Ummu Bishoy da ta gatsa nata ta furzar a ciyawa ta ce wa kakarta, "Teta, cakulan ɗin kifi ne!"

Ummu Bishoy ta ɗauki ɗaya ta kai hanci. "Wagdi, kusa da me ka ajiye su?"

Na dubi Alhaji, Alhaji ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗo, yana dukan cinya. "Dab da su na ajiye! Wallahi na ɗauka kwalli ne na mata! Kwana guda fisik ɗina yana yi musu numfashi!"

Kowa ya kwashe. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na sunkuya zan ɗauke tiren, niyyata in juye wa kifayen Nilu su ji da ɗan'uwansu, sai na ji an riƙe mini hannu.

"Ina za ka da shi?"

Tahani ce. Ta ɗauki mai garin kwakwa, ta shinshina, ta lumshe ido. Ta gatsa. Muka zuba mata ido tana taunawa a hankali, sai ga hawaye yana gangaro mata, ga kuma dariya.

"Baba, na gangar bayan shago ne, ko?"

"Shi ne!" in ji Alhaji, ya daki ƙirji. "Kun ji 'yar halak!"

Ta jawo tiren ta ɗora kan cinya. "Likita gishiri ta hana. Akwai wanda ya ji ta hana wari?"

"Babu," muka amsa baki ɗaya.

"To kowa ya janye hannunsa."

Babu ma mai niyyar miƙawa. Ta ci na biyu, ta ci na uku, ta karɓi lawashin albasa daga hannun Bishoy tana haɗawa da shi, matarsa ta rufe ido ta ce ita kam ba za ta iya kallo ba. Ummu Bishoy ce ta ƙwace tiren daga baya, ta ce zaƙi ma ba a cika shi ga mai ciki, a ajiye sauran sai gobe. Alhaji kuwa har ya fara lissafin yadda za mu buɗe reshe a Nabaro, ni in mulmula shi ya turara, masu ciki su yi layi.

Da la'asar muka shiga jirgin ruwa. Tahani da ta ce ba za ta fito ba ita ce mai tafi da ƙarfi, tana bin waƙar da mai jirgin ya kunna, cakulan a gefen bakinta. Muna tsakiyar kogi ta kama hannuna ta ɗora kan cikinta. Na ji ƙafa ta harbo tafina, ta sake harbowa.

"Ka ji? Shi ma ya ce a ƙaro."

"Ko kuwa cewa yake a yi masa rai."

Ta mintsine ni. "Ranar Juma'a za ka sake yi. Ka ce Baba ya bar mana kifi ɗaya."

Na ce ai Alhaji da kifinsa yau za su koma. Daga can gaban jirgi ya juyo, ashe yana jinmu, ya ɗaga yatsu biyu, wai kifi biyu zai bari.