Ranar da Aka Ɗaure wa Hedimasta Ido

Tela tana cikin kafa hannun wata riga sai ga autarta ta faɗo shago, ta yar da jakar makaranta a kan tarin yadi, ta ce ita da Turanci sun raba gari.

"Kalma ashirin aka ba mu, Umma. Jiya na haddace su tsaf, yau da malama ta tambaye ni ko ɗaya ban samu ba."

Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Ta so ta yi faɗa, amma fuskar yarinyar ta tuna mata da wata mai shekara goma sha uku da ke zama a bencin ƙarshe, jikin taga, wadda 'yan aji suka laƙaba wa Shiru-shiru. Ita ce da kanta.

"Zauna," ta ce. "Na taɓa ba ki labarin Malam Dogo?"

Shi ne malamin su tela na Turanci a ajin farko na sakandare, siriri, kullum da garin alli a gwiwar hannunsa. Bai cika rubutu a allo ba. Yana shigowa zai raba aji ƙungiya biyu, ya ce a ture bencuna, a bar 'yan hanyoyi a tsakani kamar lungunan unguwa. Sai ya ɗaure wa ɗalibi ɗaya ido da ƙyalle, ya ajiye dasta, wato abin goge allo, a wani saƙo, ya zaɓi wani ya yi masa jagora da baki. Sharaɗin ɗaya ne: da Turanci kawai. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gida, ƙungiyarsu ta faɗi. Haka aji zai kaure da "lef" da "rayit", har masu barci su farka.

Ita dai ba ta taɓa yarda an zaɓe ta ba. Da malam ya waiwayo sai ta sunkuya tana gyara igiyar takalmi.

Wata Laraba hayaniyar ta kai ofis. Hedimasta ya bayyana a bakin ƙofa, hannuwa a baya.

"Malam, aji ne nan ko tasha?"

"Darasi muke yi, ranka ya daɗe. Da za ka gwada, da ka gani."

Kowa ya zaci ranar malam zai kwashi kashinsa a hannu. Sai ga hedimasta ya cire tabarau, ya sa a aljihu, ya miƙa kai aka ɗaure. Malam Dogo ya duba ajin, ya tsallake duk masu ɗaga hannu, ya nuna bencin ƙarshe.

Ta fito, ta tsaya tana fuskantar hedimasta. Ta ce "lef", muryar kamar ta sauro. Ya juya hagunsa. Ita kuwa nata hagun take nufi, ta manta cewa suna kallon juna. Ta sake cewa "lef", ya ƙara juyawa, ya nufi bokitin ruwan da ake wanke allo da shi. Taku biyu ya rage. Ba ta san lokacin da ta ware murya ta ce "sitof" ba, har ajin da ke maƙwabtaka suka ji.

Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

"Yarinya," ya ce, idonsa a ɗaure, "hagun wa kike nufi, naki ko nawa?"

Malam Dogo ne ya fara fashewa da dariya, sannan kowa. Ita ma ta yi, har da hawaye. Ta zagaya ta tsaya a bayan hedimasta, ta kai shi har gaban dasta ba tare da ya taɓa benci ko ɗaya ba. Daga ranar, in aka yi tambaya, hannunta na cikin na farko.

"Ina yake yanzu?" auta ta tambaya.

"Shekara ɗaya ya yi mana aka yi masa canjin wurin aiki. Ranar da zai tafi mun bi motar da ta ɗauke shi har bakin titi. Ban sake ganinsa ba." Ta murza zare a yatsa. "In yana raye, ya tsufa sosai."

Auta ta tona cikin ragowar yadi, ta zaro wani baƙin ƙyalle mai tsawo. Tela ta ce aiki ya yi mata yawa, amma ta riga ta tashi tana jan kujeru zuwa tsakiyar shago.

A haka maƙwabciyarsu mai gyaran gashi ta leƙo aron almakashi, ta tarar da tela ido a ɗaure, hannuwa a gaba, tana laluben hanya tsakanin keke da teburin guga, yarinya na ba ta umarni.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Karatu muke yi," in ji tela. "Matsa daga ƙofa, ke ce ta gaba."