Rimot a Motar Baba

Tun da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, a-kori-kurarsa take tsaye a ƙofar gida, daidai tagar ɗakinsa. Mota ce mai shan dizal. Da ita ya yi dakon siminti da rodi har 'ya'yansa suka kawo ƙarfi. Yanzu tayoyinta sun fara sacewa, kuma wani mai sayar da katako ya riga ya zo ya taya.

Yaya, babbar 'yarsa, so take a sayar. Ƙaninta, wanda unguwa ke kira Rewaya saboda gyaran wutar mota yake yi, ya ƙi. Ya lura cewa Baba ba ya yunƙurin tashi zaune sai don abu ɗaya: ya leƙa taga da safe ya tambaya ko an ɗumama motar. In ta bar ƙofar gidan, Rewaya bai san abin da zai ƙara tayar da tsohon daga kwance ba.

"Ƙarfe ne fa, ba ɗan'uwanmu ba," in ji Yaya.

"To, shiga ki gaya masa."

Ba ta shiga ba.

Ranar hutunsa Rewaya ya dawo da wani ɗan akwati baƙi da rimot mai maɓalli biyu. Nufinsa Baba ya riƙa tayar da motarsa da kansa daga kan gado. Ya cire kan batir, ya kwance robar ƙarƙashin sitiyari, ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a waje. Yaya ta tsaya tana haska masa tocila.

"Haska nan, Yaya. Waya nake nema, ba hancina ba."

"Ai hancin ne ya tare ko'ina."

Dizal ba kamar fetur ba ce. Sai an murɗa makulli an jira fitilar hita, mai ɗumama injin, ta mutu, sannan a yi kik a tayar da shi. Wanda ya yi gaggawa zai cinye batir injin bai kama ba. Don haka bayan ya haɗa wayar makulli da ta kik, ya mayar da batir, ya bi sauran wayoyin da fitilar gwaji har ya gano ta hita, ya jona ta da akwatin don ya riƙa jira. Ya ja wata zuwa birkin hannu, yadda in ba a ja birki ba motar ba za ta tashi ba. Bai yanke waya ko ɗaya ba. Fere su kawai ya yi, ya ɗaura, ya naɗe da salatif, domin tun ɗazu muryar Baba ke fitowa ta taga, a karye, harshen ya yi nauyi.

"Kai, kar ka yanke min waya."

"Ban yanke ba, Baba."

"Haka kuke cewa duk."

Da ya gama, ya shiga ɗaki, shi da Yaya suka tayar da Baba suka jingina shi da filo. Rewaya ya sa masa rimot a hannun hagu, ya ɗora babban yatsansa a kan maɓalli. Baba bai danna ba.

"Giya fa?"

"Tana firi."

"Je ka girgiza."

Baba bai taɓa tayar da mota ba sai ya girgiza sandar giya da hannunsa. Rewaya ya fita, ya girgiza ta yadda za a gani daga taga, ya rufe ƙofa, ya dawo.

Baba ya danna. Fitilun motar suka ƙifta. Aka ɗan yi shiru, akwatin yana jiran hita. Sai injin ya murza, ya kama, gilashin tagar ya ɗauki rawa. Yaya ta yi tafi.

"Direba ya dawo aiki!"

Baba ya karkata kunne yana saurare. Ya daɗe yana kallon kujerar direba ta cikin gilashi.

"Ta tashi babu kowa a ciki," ya ce.

"Ai kai ka tayar da ita, Baba."

"Yatsa dai ya tayar." Ya ja numfashi. "Motar dizal in ana ɗumama ta kullum alhali ba ta ɗaukar kaya, toshewa take yi. Ƙarya nake, Rewaya?"

Rewaya ya san ba ƙarya ba ce. Shi ma haka yake gaya wa masu kawo masa gyara.

"Sai in riƙa zagayawa da ita," ya ce.

"Ka bar garejinka ka yi yawo da motar wani? Kira mai katakon nan. Amma kafin ya zo ka cire abin nan, ka mayar min da wayoyina yadda ka same su. Ba zan sayar wa mutum mota mai tashi ita kaɗai ba."

Ya nemi maɓallin kashewa, yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. Rewaya ya karɓa ya kashe.

Abin da Yaya take so ne aka yi, amma sai ta sunkuyar da kai tana gyara wa Baba filo. Rewaya ya ɗauki filaya zai fita.

"Yarinya," in ji Baba, "kwantar da ni. Ki saki labulen."