Tururuwa a Ludayi

Ranar wata Laraba, a shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, mahaifiyata ta gwada nonon matata da tururuwa. Kwanan 'yarmu Mansura ashirin da uku a duniya.

Laifin yarinyar kuka. Inna ta taso daga ƙauyenmu na Ngaski a kwalekwale, da ƙullin gero da busasshen kifi, ta sauka gidana a Yelwa. Ta sa matata Zuliha ta tatsa a ludayi, ta tsinto tururuwa a gindin bango ta jefa ciki. A garinmu, in ta fito da ƙafarta, nono na da kyau. Wannan ta juya sau biyu ta tsaya.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Nonon ga ba shi da kyau. Yunwa ɗiyar ga take ji."

Ina tsaye bakin ƙofa, malamin firamare mai akwatin littattafai biyu. A cikinsu akwai ɗan littafin da aka ba mu a asibiti, har na ja layi a inda aka ce jariri sabon haihuwa nono ya ishe shi. Na kuma san tururuwa ko a randa aka jefa ta nutsewa za ta yi.

"Inna, likita ya ce..."

"Likita ya haihe ka? Ku bakwai na rena da kunu da romon kifi."

Mu uku muka rayu. Lissafi nake koyarwa, amma na yi shiru.

Aka janye Mansura daga nono, wai sai an gyara shi da saiwa. Inna takan kwantar da ita a cinya, ta toshe mata hanci, ta ɗura kunu. Kuka ya ragu, kowa ya yaba. Kwana huɗu gudawa ta fara. Da maɗigarta ta faɗa na ɗauke ta zuwa asibiti, inda wata ma'aikaciya ta tambaye ni aikina. Na faɗa. Ma'aikaciyar ta dube ni kawai.

Ran Juma'a muka binne ta. Masu gaisuwa suka ce kwana ya ƙare, Inna ta ce ai da ma nonon ya riga ya ɓata mata ciki. Zuliha ta yarda.

Shekara shida Zuliha ta yi a duniya bayan haka. Ba ta sake haihuwa ba, kuma ko a gidan suna aka miƙo mata jariri sai ta ɓoye hannu cikin mayafi. Kullum nakan ce gobe zan zaunar da ita. Sai dai wanke ta na nufin in faɗi abin da na sani ranar nan, da inda nake tsaye.

Yanzu ni kaɗai ke cin tuwo a gidan. Littattafan na nan, gara ta fi ni amfana da su.

Zuliha, nononki lafiyarsa ƙalau.