Takin Birni

Abu guda Allah Ya hore wa Khalilu ba tare da ya sha wahalar nemansa ba, shi ne baki. In ya fara bayani a dandalin ƙauyensu, har wanda ya zo da niyyar musu sai ya tsinci kansa yana gyaɗa kai. Da bakin ya kafa ƙungiyar matasa, da shi ya zama shugabanta, ko da yake dukiyarta ba ta wuce benci ɗaya da wani allo da rana ta cinye rubutunsa ba. Mutum ɗaya ne bakin nan ba ya kamawa, wato ƙanensa Ɗanliti. A ɗaki ɗaya suka tashi, saboda haka ya san inda kowace magana ta yayansa take zuwa ta ƙare.

Gona ce tsakaninsu, wadda mahaifinsu ya bar musu ba a raba ba. Ƙauyen yana arewa da unguwar Bacirawa da ke bakin birni, kuma gari ya daɗe yana rarrafowa wajensu, yau a ga katanga, gobe a ga gidan bulo a inda aka saba ganin dawa. A shekarar da aka cire tallafin mai, takin zamani ya zama abin da talaka yake kallo a shago ya wuce. Gonar kuwa ta gaji. Sai Ɗanliti ya ce a ware masa rabonsa ya sayar wa dillalan filaye, ya sayi babur.

Khalilu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Yana son gonar nan, so na gaske, kuma ya san in aka yanka rabi aka yi fuloti, ɗaya rabin ma kwanansa ya ƙare. A gaban mahaifiyarsu, Inna Maijidda, ya roƙi arziki.

"Ka ba ni damina ɗaya. In gonar nan ba ta cika rumbu ba, ni da kaina zan raka ka wurin dillali."

"Da wane takin, Yaya?"

"Ka bar wannan a hannuna."

A lokacin babu komai a hannun nasa. Amma kafin sati ya zagayo ya tuna da wani abu. Suna yara, kowace bazara mahaifinsu yakan kora jakuna zuwa birni ya dawo da mangala cike da toka da sharar gidaje, baƙa wuluk, a zuba a gona. Mutanen birni su rabu da datti, manomi ya samu taki, kowa ya yi wa ɗan'uwansa godiya. Khalilu ya yi mamakin yadda duk ƙauyen aka manta da wannan hikima sai shi kaɗai. Bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai dalilin da ya sa aka daina ba.

Akwai wata unguwa a bakin gari da juji ya tsone wa ido, ya taru ya yi tudu har ya fara cin hanya. Khalilu ya sa babbar riga ya je gaban mai unguwar.

"Ranka ya daɗe, matasanmu ne suka ce ba za su iya barci ba alhali 'yan'uwansu suna shaƙar wannan wari. Za mu kwashe shi kyauta, aikin gayya, don Allah."

Mai unguwa ya kusa yin hawaye. Zancen taki kuwa Khalilu bai ga amfanin tayar da shi ba.

Ranar aikin ba a taɓa ganin irinta ba. An aro amalanken shanu, an zo da shebur da manjagara, samari sun naɗe ƙafar wando. Matan unguwa suka aiko da kunu a bokitai. Wani ya jawo lasifikar masallaci, aka miƙa wa Khalilu abin magana, shi ke nan an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya yi bayani a kan tsafta, ya yi a kan zaman banza da yadda ƙungiyarsa ta raba matasa da shi, ya dawo kan haƙƙin maƙwabtaka. Tun yana sane da cewa taki ya kawo shi, har ya fara yarda cewa tausayi ne.

Yana tsakiyar wannan Ɗanliti ya ja masa riga, ya nuna masa bakin shebur.

"Yaya, dubi nan. Wannan fa rabinsa leda ce, ƙasa ce kawai ta rufe ta."

Khalilu ya kalla a gurguje. Baƙi ne, yana turiri, yana wari irin wanda ya sani tun yana yaro. "Ƙasa ba abin da ba ta ci," ya ce, ya koma kan lasifika.

Ya yi wa kowane saurayi alkawarin amalanke guda a gonar ubansa. Amma da aka iso ƙauye, dattawa suka leƙa, suka tona da tsinin sanda, kowa ya ce an gode, a kai gaba. Khalilu ya yi musu uzuri a ransa, ya ce tsufa ne. Haka tudun nan kaf ya ƙare a gonarsu, tsibi-tsibi, aka baza shi daga iyaka zuwa iyaka. Da yamma ya tsaya ya kalli gonar ta yi baƙi ƙirin, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba.

Ruwan farko ne ya tona asiri. An yi shi mai ƙarfi, ya wanke ƙasar da ta lulluɓe kayan. Da Khalilu ya fito da sungumi a kafaɗa, sai ya tarar da gonar tana ƙyalli. Ledar fiya wata, baƙar leda, famfas ɗin jarirai, murafen kwalba, tsofaffin batura, silifas wari-wari. Sharar zamanin mahaifinsa toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Mutanen birni sun canza abin da suke ci da abin da suke yarwa, ba wanda ya aiko wa Khalilu da labari.

Bai karaya nan take ba, wannan kam sai a yaba masa. Ya kira taron gaggawa, ya ce a fito aikin gayya na tsince leda. Samarin da suka sha kunu da tafi a bakin gari duk sai uzuri ya same su, don a gona babu lasifika. Shi da matarsa Fadima suka yi ta tsinta har bayansu ya ƙage, amma in ka ciro ɗaya sai ta jawo 'yan'uwanta daga ƙasa. Ya yi shuka a haka. Irin da ya faɗa ƙarƙashin leda ya ruɓe, wanda ya faɗa samanta ya tsiro ya rasa inda zai kafa saiwa. Gonakin maƙwabta, da ba su ga taki ko na magani ba, suka yi kore daidai gwargwado. Tasu ta fito kamar kan mai ƙuraje, nan gero, can fili.

Ɗanliti bai yi masa gori ba, kuma wannan ya fi ciwo. Inna ma abin da ta ce kawai shi ne, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ba a jira kaka ba, don ba abin da za a jira. Khalilu ya cika alkawari, ya raka ƙanensa wurin Alhaji Muhammadu Sani, dillalin filaye.

A hanyarsu ta zuwa duba gonar, wani ɗan fata ya tsiro a zuciyar Khalilu. Wane mai hankali ne zai sayi juji? Wataƙila Alhaji ya gani ya toshe hanci ya juya, gona ta tsira ko da a wulaƙance. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a dandali, cewa da ma dabara ce.

Alhaji ya fito daga mota, ya tattare riga, ya taka cikin gonar. Ya dubi ledojin da suka maƙale a jikin karan gero suna kaɗawa, ya taɓa wani gwangwani da ƙafa. Sai fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! Ai ban san gari ya iso nan ba. Malam Khalilu, ka san abin da yake ba mu wahala? Mai saye in ya zo ya ga kore ko'ina sai ya ce an kawo shi daji. Amma nan, kowa ya gani ya san akwai mutane kusa. Wa ya yi muku wannan aikin?"

Ɗanliti ya sunkuyar da kai. Khalilu ya bi ledojin da kallo. Shekara da shekaru yana tsaye yana tare gari kada ya shigo gonar ubansa, ashe shi zai je har gida ya ɗauko shi a amalanke, da tafi da kunu.

Alhaji ya buɗe bayan mota ya ciro igiyar awo. Ya miƙa wa Ɗanliti bakin igiyar guda, ya waiwaya ya ga ba kowa a wurin sai su.

"Taimaka ka riƙe mana nan, Malam. Ka tsaya daidai tsakiya, kada ka motsa."

Khalilu ya karɓa. Ya tsaya a tsakiyar gonar yana kallon ƙanensa yana tafiya da baya da baya, igiyar tana warwarewa a tsakaninsu. Yana so ya yi kuka, amma hannunsa biyu suna riƙe da igiya, kuma Alhaji yana ɗaga murya daga can yana cewa ya ƙara ja, ta yi sako-sako.