Abin da Shirin Ya Ji

Ranar da surukina ya sabunta wa kwamfutar matata manhaja, muryarta ta ɗauke a gidan nan.

Marigayiyar, wadda nake kira Malama, ma'aikaciyar kwamfuta ce. Da idona ya fara gazawa, ita ta zauna tana karanta mini littattafaina tana naɗa, babi bayan babi. Ta rubuta ɗan shiri: in buɗe wata baƙar taga a allon kwamfutar, in buga sunan littafi da lambar babi, sai ta fara karatu. Tun rasuwarta da shi nake karyawa.

Ran nan na buga, shirin ya ce bai san wannan littafin ba. Na sake, haka.

"Baba, tsohon yayi ne," in ji surukina, wanda kowa ke kira Injiniya, har da shi kansa. "A goge komai a huta. Waya ma tana karanta littafi yanzu, da murya mai daɗi."

"Ita ma uwar matarka tsohon yayi ce. Ba a goge ta."

Auta, 'yata, ta taɓa masa hannu. Sai ya ce a bar masa na'urar ya tafi da ita shago. Na jawo kujera na zauna a gabanta, na ɗora sandata a cinya.

Ban san aikin ba, amma na shekara ina jin mai aikin tana faɗa da shi. Takan ce kafin ka zagi shiri, tambaye shi abin da ya ji.

"Injiniya, sa shi ya maimaita abin da na aika masa. Kar ya yi komai, ya maimaita kawai."

"Ɓata lokaci ne, Baba."

"Lokacina ne. Na fi ka shi."

Ya rubuta layi ɗaya yana tsuke baki. Na buga sunan littafin, na kara gilashin karatu a allo. Abin da ya fito ba abin da na buga ba ne. Sunan ya tsinke gida-gida, rabinsa akwatuna da alamomin tambaya, lambar babin ta koma wurin suna.

"To, ga shi. Shirin lafiyarsa ƙalau. Ɗan aiken da ka kawo ne yake tauna saƙo a hanya."

Ya gyara zama. Gaskiya dai ba wawa ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Ya gano sabuwar manhajar tana aika haruffa da wani tsari, shirin kuma yana jiran tsohon. Ya mayar da tsarin, ya killace sunan don ya isa a dunƙule.

Sai ga tarin Malama, wanda take yi kafin ta fara karatu. Auta ta tashi ta shiga kicin.

"Duk da haka gara a kwafe su a waya," in ji shi a hankali.

"Kwafa. Na'urar tana nan inda ta bar ta."

Da suka tafi na buga littafin ƙarshe da ta naɗa. Ni na karanta shi tun ina saurayi, ita ba ta taɓa ba, ta kuma hana ni faɗa mata ƙarshensa. A tsakiyar babi ta tsaya, inda matar cikin littafin ke bakin tasha tana jiran mutumin da ya tafi, ta ce gobe za mu ci gaba.

Ya dawo, Malama. A jirgin yamma ya dawo.