Abin da Orest Ya Karce a Bayan Bajo

Injin ɗumama gidan Verna Hrycak ya mutu a makon farko na Nuwamba, wata bakwai bayan rasuwar mijinta Orest. Mai gyara ya duba ya ce sai dai sabo, sabon kuma dala dubu shida. Ɗanta Taras ya bugo waya daga birnin Regina ya ce in ba a sa shi kafin Kirsimeti ba, zai zo da mota ya kwashe ta zuwa birni. Ba mugunta ba ce, tsoro yake ji. Amma Verna ta yi shekara arba'in da shida a gidan nan, kuma da bakinta ta gaya min gara ta kwana da riga uku da ta bar shi.

Ni ce Doreen, maƙwabciyarta. Tun muna 'yan mata muke wasan dutse a kan ƙanƙara, ita tana turawa ni ina share masa hanya da tsintsiya. Mutane suna cewa ina da baki. Ban musa ba.

Orest bai bar kuɗi ba, bajo ya bari. Kafin a fara wasa kowa yakan ba abokin karawarsa bajon kulob ɗinsa ya karɓi nasa, shi kuwa Orest shekara hamsin yana karɓa bai yar da ko ɗaya ba. Gwangwanin kofi huɗu ya cika. Shi ya sa Verna ta kira Dwight Penner, dillalin da ke bin gasa yana saye da sayar da bajo.

Na shigo na tarar ya zazzage su a kan teburin kicin yana yatsina fuska. Ya juya ɗaya ya nuna mata bayansa.

"Kin gani, Mama? Duk an karce su da ƙusa. Mai tara bajo ba ya son karce. Dala ɗari huɗu duka, shi ma don darajar marigayi."

"Darajar marigayi ɗari huɗu ce ke nan?" na ce.

"Doreen, da ke nake ciniki?"

"Da ni kake yi yanzu. Ɗauke babban yatsanka daga kan wancan koren, tun da na shigo kake danne shi."

Ya ɗauke, kunnensa ya yi ja. Ya bar katinsa ya fita, bai ko shanye kofinsa ba.

Kwana uku muka yi muna aiki sanye da rigunan sanyi. Na kasa su kashi uku: na zamani masu maɓallin roba a baya, tsofaffi masu noti da hatimin maƙeri, sai na kulob-kulob ɗin da suka daɗe da rufewa. Kowanne na nemo shi a intanet. Ban kula da kuɗin da masu sayarwa suke nema ba, don kowa ya iya mafarki. Abin da aka biya da gaske nake dubawa, sannan in rage rabi saboda karcen. A nan Dwight bai yi ƙarya ba, kuma hakan ya ƙona min rai. Da na tara, dubu ɗaya da ɗari tara ne.

Verna ta ce, "Shi ke nan, ƙawata. Bari in fara haɗa kaya."

Haushin Orest ya kama ni. Na ɗauko madubin ƙara girman rubutu da take karatu da shi don in ga abin da wannan bawan Allah ya yi ta tona da ƙusa. Ashe rubutu ne, ƙanana ƙwarai. Sunan wanda ya ba shi, da shekara, da yadda wasan ya tashi. A na bakwai da na juya na karanta: N. Yaremko, 71, ya ci ni 8 da 3.

Mahaifina ke nan. Shekara ashirin da rasuwarsa, ko tsintsiyar wasansa ba ni da ita. Na zauna na yi kuka har na ji kunya. Da na share hanci na ce mata zan biya dala ɗari.

"Haba, Doreen. Ɗauki mana, ai naki ne."

"Kyauta ba ta ɗumama gida," na ce. "Kuma in ni zan biya ɗari, kina jin ni kaɗai ce marainiya a lardin nan?"

Muka fitar da suna ɗari da saba'in. Matan coci suka raba su, kowace ta kama waya tana neman iyalan masu sunayen. A ƙauyukanmu ba a ɓata, in ba ka san mutum ba ka san wadda ya aura. Muka ce wa kowa ya zo gasar garinmu ranar Asabar ta farko a Disamba.

Muka kafa tebur kusa da tagar da ake sayar da perogi, abincinmu na fulawa da ake cusa wa dankali. Kowane bajo mai suna dala arba'in muka sa masa, amma kaɗan ne suka tsaya karɓar canji. Wani ƙaton manomi ya tuƙo awa huɗu, ya karanta sunan kakansa, ya ajiye ɗari biyu ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Wata ta yi ta dariya don Orest ya rubuta cewa babanta ya yi maguɗi.

Da azahar Dwight ya iso, kai tsaye ya nufi koren nan. Na Otter Siding ne, kulob ɗin da ya yi sanyi biyu kacal gobara ta cinye shi. Ya taya ɗari uku. Wata mata mai furfura da ke gefensa, Lorna Sauter, wadda sunan babanta ke bayan bajon, ta ce ɗari huɗu.

"Ɗari biyar," in ji Dwight.

Na ce, "A'a, Dwight, yi hankali. An karce shi da ƙusa fa."

Mutane suka kwashe da dariya. Lorna ta ce ɗari shida da hamsin, ta maƙala shi a kwalarta tun kafin ta buɗe jaka.

Kafin a tashi mun haura dubu shida da ɗari uku. Na rantse, ban taɓa jin daɗin wasan da na ci kamar na ranar ba. Ina kwashe ragowar sai na ga wani ƙaramin shuɗi ya maƙale a gindin gwangwani, bai shiga jerinmu ba. Na sa madubi, sai na miƙa wa Verna.

Ta karanta a hankali: Verna, 76, ta ci ni 9 da 2. Zan aure ta.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Maƙaryaci. Goma da biyu ne."

Dwight, da bai san lokacin yin shiru ba, ya ce irin wannan yana yin dala tamanin. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ana jibi Kirsimeti Taras ya zo da babbar mota da kwalaye a baya. Ina kicin ina ganinsa ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Verna tana zaune da 'yar shimi, shuɗin bajon a ƙirjinta.

"Rufe min ƙofa," ta ce masa. "Kana fitar min da ɗumi."